Shirun Motar Lantarki Ba Rauni Ba Ne

An daɗe ana cewa a majalisun direbobinmu na Agege wai motar da ba ta ruri ba ta da ƙarfi, don haka wasu ke raina motar lantarki. Wannan kuskure ne. Injin fetur sai ya ɗauki gudu an sauya giya kafin ƙarfinsa ya cika, amma na lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye, shi ya sa akasarinsu giya ɗaya tak gare su.

Wanda ya taɓa hawan keken tsere mai tsada, irin wanda hukumar tseren kekuna ta duniya, UCI, ta hana nauyinsa ya gaza kilo 6.8, ya san wannan yanayi: da zarar ka taka feda sai ya zabura, ba ka jin komai sai iska da gogar taya a kan kwalta. Haka motar take idan danja ta ba da hannu a titin Ikorodu.

Wajen sakin ƙafa ne suka bambanta, domin keke yana ci gaba da gangarawa, motar kuwa tana rage gudu da kanta tana mayar da wuta cikin batir, abin da a ganina ya dace da cunkoson gadar Third Mainland.