Waiwaye: maganar amana a aikin gwamnati, ina aka kwana?

Wannan magana ta riƙon amana a ofisoshin gwamnati ba yau aka fara ta ba a Kamaru. Lokacin da shugaban ƙasa Ahidjo ya sauka a Nuwamba 1982 Paul Biya ya hau, kalmomin da ya shigo da su kenan, tsanani a aiki da gyaran ɗabi'a, kuma dattawanmu na nan Garwa sun ce mutane sun yarda da maganar sosai a lokacin.

Ni dai a ganina inda abin ya karye shi ne 1993. Shekarar nan sau biyu aka zaftare albashin ma'aikata, kafin su farfaɗo sai ga Janairun 1994 an karya darajar sefa rabi, faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. To mutum yana da mata da yara da kuɗin haya da ƴan uwa a ƙauye suna jiransa, albashin ba ya kai shi tsakiyar wata, daga nan ne "kawo na goro" ya zama kamar wani tambur na biyu da ake mannawa a dosiye, in babu shi takardarka ta kwana a durowa. Ba wai ina wanke kowa ba ne wallahi, haram haram ce, amma wanda bai san 1993 ba ba zai gane yadda kunya ta fita daga abin ba. 1998 da 1999 kuwa Transparency International, ƙungiyar da ke auna cin hanci a ƙasashe, ta sa mu na ɗaya a duniya wajen cin hanci, shekara biyu a jere, abin ya yi mana ciwo.

Bayan nan an yi ta kafa hukumomi. CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci, a 2006, shekarar da aka fara kamen Epervier, wato kamen manyan jami'an da ake zargi da cin dukiyar ƙasa, sai kotun musamman ta masu wawure dukiyar ƙasa a 2011. An ɗaure manya, har da tsohon firaminista Inoni, da tsohon minista Marafa ɗan garin nan da aka yanke wa shekara 25 a 2012, ko da yake har gobe mutane na gardama ko shari'a ce ko siyasa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne sashe na 66 na tsarin mulkin 1996, wanda ya ce shugaban ƙasa da ministoci da ƴan majalisa da manyan daraktoci su bayyana dukiyarsu ranar shiga da ranar fita. An yi masa doka a 2006, har yanzu ba a fara aiki da shi ba. Ta yaya za ka tara ƙananan ma'aikata a taron bita kana musu wa'azin amana, alhali na sama bai nuna abin da ke aljihunsa ba?

Kuma masu gaskiyar suna nan fa. Bara na je neman takardar haihuwar ɗana, wani dattijo ya sa hannu, na miƙa masa dubu ɗaya don na saba, ya turo min abata ya ce "Malam, an biya ni." Har na iso gida kunya ba ta sake ni ba.