Rumbun gari: da buhu ake ƙirga jarinsa

Duk wanda ya san karkarar Sakkwato ya san yadda watan Agusta yake. Geron gona bai nuna ba, na rumbu ya ƙare, sai ka ga magidanci yana sayen hatsi da tsada a kasuwar da ya kai nasa da araha lokacin kaka. Wannan ne ke sa ƙauyuka su haɗa hannu su kafa rumbun gari: a tara hatsi a Nuwamba, a buɗe idan damina ta yi tsakiya. Kafawa ba ta ba da wahala, wahalar ita ce rumbun ya ga shekara ta uku.

Abin da ya fi kashe shi lissafi ne. A ce ƙungiya ta sayi buhu 50 na gero, ta sayar wa jama'a a kan kuɗin da ta sayo, don tausayi. Kuɗi sun dawo cif, kowa na sa albarka. Amma an biya dako daga Achida ko Illela, an sayi buhunan zubi, ɓera ya ci nasa, farashin kaka mai zuwa kuma ya ɗaga. Kuɗin nan ba za su ƙara sayen buhu 50 ba. Saboda haka a tsayar da farashi ƙasa da na kasuwa, amma sama da duk abin da aka kashe, kuma a ranar taro a riƙa tambaya: buhu nawa muke da shi bara, nawa muke da shi bana?

Sai bashi. Wanda ya ranci tiya biyar, tiya biyar zai mayar, domin ƙari a kan rancen hatsi riba ce, kuma liman ba zai goyi bayanta ba. Ke nan rance ba ya ƙara wa rumbu komai, wani ma ba ya dawowa, balle idan mai cin bashin surukin shugaba ne. Ya fi kyau a sayar hannu da hannu, a kayyade tiya nawa gida ɗaya zai saya a mako, don kada ɗan kasuwa ya turo yara su kwashe. Marayu da gajiyayyu a ware musu kaso daga gudummawar masu hali, a littafi daban.

Ajiya kuwa tun daga bushewa take farawa. A zuba gishiri busasshe da ɗan hatsi a kwalba busasshiya, a rufe, a girgiza, a ajiye ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin na da sauran laima, a mayar da shi rana. Buhuna su hau kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango saboda gara da danshi. Wake a sa shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki: a duba ko da huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki rashin iska zai kashe su, muddin ba a yi ta buɗewa ba. Kada a kuskura a zuba maganin ƙwari na Sniper a abin da mutane za su ci.

Ƙofar rumbu ta zama da kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku da ba gidansu ɗaya ba, kuma a sa mace a cikinsu, tunda mata ne suka fi sanin gidan da bai ɗora tukunya ba. Hakimi ya tsaya a matsayin uba mai raba gardama, kada a ɗora masa riƙon makulli.

Tsakanin Satumba da kaka babu hatsi a rumbu, sai tsabar kuɗi, kuma a lokacin ne ake zuwa da maganar biki da jinya. A kai kuɗin asusun banki da sa hannun mutum uku a makon da aka gama sayarwa, a karanta takardar ajiyar a bainar jama'a.