Ƙaddara da Tarihi

A fagen nazarin tarihi, ƙaddara ita ce fahimtar cewa tashi da faɗuwar al'ummomi suna bin wani tsari da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Musulmi, Kirista da Yahudawa suna danganta wannan tsari ga hikimar Allah. Tsoffin Girkawa kuwa sun ɗauke shi hukunci ne da ko gumakansu ba sa iya juya shi.

Maganar takan taso ne bayan babbar musiba. Da Alaric, sarkin ƙabilar Visigoth, ya ci birnin Rum a shekarar 410, masu bin tsohon addinin Rumawa suka ce barin gumaka da karɓar Kiristanci ne ya jawo. Augustine, bishop ɗin Hippo a Arewacin Afirka, ya mayar musu da martani a littafinsa Birnin Allah, inda ya ce kowace daula mai gushewa ce, kuma ba a auna nufin Allah da nasarar yaƙi.

A wajen Musulmi, muhawarar ta fi zafi kan alhakin bawa. Jabariyya, irin su Jahm bin Safwan, suka ce mutum ba shi da zaɓi. Ƙadariyya, daga baya Mu'utazila, suka ce mutum shi ke samar da ayyukansa. Rigimar ba ta tsaya a zauren karatu ba, domin mai mulkin da ya ce zaluncinsa rubutacce ne ya nemi ya sauke wa kansa nauyi. Abul Hasan al-Ash'ari ya bi tsaka-tsaki: Allah ke halittar aiki, bawa ke ɗaukarsa da laifinsa ko ladansa. Tun kafin su, lokacin annobar Amwas da ta ɓarke a Sham, Halifa Umar ya juya daga hanyar zuwa can. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Da wuya a sami amsar da ta fi wannan warware matsalar.

Masanin tarihi Ibn Khaldun (1332–1406), wanda annoba ta ɗauke masa iyaye a Tunis, bai ga saɓani tsakanin imani da binciken dalilai ba. A Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya nuna yadda haɗin kan dangi ke kafa daula, sannan jin daɗi da yawan haraji su rusa ta, galibi cikin zuriya uku, wato kimanin shekara 120.