Ma'anar "yaye", da abin da masu sayar da 'yan kyanwa suke yi da ita

Kalmar yaye ta daɗe da fita daga ɗakin mata. Kunna rediyo kowace safiya za ka ji an yaye ɗalibai a kwaleji kaza, an yaye kuratan sojoji a Zariya, an yaye 'yan sanda a Wudil. Wannan bai dame ni ba, harshe haka yake tafiya. Abin da ya dame ni shi ne inda kalmar ta faɗa yanzu, wato bakin masu tallar 'yan kyanwa a Facebook da TikTok, musamman irin masu dogon gashin nan da ake shigowa da iyayensu daga waje. Za a nuna maka ɗan abu a tafin hannu, idonsa shuɗi fau, tafiyarsa ma tangal-tangal, a rubuta a ƙasa: "An yaye shi, yana shan madara da kansa." Ƙarya biyu ke nan a layi ɗaya, kuma mai tallar sau da yawa bai ma san ƙarya yake yi ba.

Ruɗanin daga al'adarmu ya samo asali. Mu a wurinmu yaye rana guda ce. Yaro ya kusa shekara 2, a sa rana, a kai shi gidan kaka, ko uwa ta shafa maɗaci a nono, ya yi kukan kwana biyu ya haƙura. Bikin yaye ɗalibai ma ya ƙara dasa wannan fahimtar: a taru, a ba da takarda, kowa ya kama gabansa. Sai muka ɗauka yaye da rabuwa abu ɗaya ne. Amma ko a wurin ɗan Adam, ranar da aka kai shi gidan kaka ƙarshen aiki ce, domin ya fi shekara yana shan koko yana taɓa tuwo kafin nan. Wannan dogon sabon da abinci shi ne ainihin yaye. Wanda ya ɗauke ɗan kyanwa mai sati 3 daga jikin uwarsa bai yaye shi ba, maraya ya mai da shi.

Ɗan kyanwa yana zuwa duniya da nauyin da bai wuce kusan giram 100 ba, ido a rufe, kunne a toshe. Idon yakan buɗe bayan kwana 7 zuwa 10. Har ya kai sati 3 ba ya iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashe masa ƙasan ciki. Haƙoran nono suna fara tsirowa wajen sati na 3 zuwa na 4, kuma a nan ne za ka ga ya fara kutsa kai cikin kwanon uwarsa yana shinshinawa. To nan yaye ke farawa, ba ya kuma kammala sai sati na 7 ko na 8. Wata guda cur ana yi, nono na raguwa, abinci na ƙaruwa. Uwar ce ke jan ragamar: tana rage kwanciya musu, tana miƙewa tsaye idan sun kama nono, wani lokaci har ta kai musu mari. Shuɗin idon nan da ake yabawa a hoto kuwa, kusan duk 'yan kyanwa da shi suke farawa, sai wajen sati na 6 ko na 7 launin gaske yake fara bayyana. A mafi yawan irinsu, shuɗin ido shaida ce cewa ɗan bai isa barin uwa ba.

Sai maganar "yana shan madara da kansa", wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Kowa ya taso da hoton kyanwa da kwanon madara, har an ɗauka madarar shanu ce abincinta na asali. Nonon kyanwa ya fi na saniya maiƙo da sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, saboda haka ɗan da aka ɗora a kan madarar gari ko ta gwangwani cikinsa zai cika amma ba zai yi girma yadda ya kamata ba. Sannan akwai sikarin da ke cikin madara, laktos, wanda ikon narkar da shi ke raguwa a cikin kyanwa da zarar an shiga yaye. Abin da bai narke ba sai ya zama gudawa. Gudawa a jikin halittar da ba ta kai rabin kilo ba kuwa ba wasa ba ce, ruwan jikinta kan ƙare cikin yini guda. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa "haka kawai ya mutu" ko "baki ne ya kama shi", a wannan kwanon suka tafi. Idan uwa ta mutu ko ta ƙi 'ya'yan, akwai madarar da aka haɗa musamman don 'yan kyanwa, ana samunta a shagunan kayan dabbobi da wurin likitocin dabbobi a manyan birane. A ba shi yana kife a kan cikinsa, kar a kwantar da shi rigingine kamar jariri, don madarar na iya bi ta huhu.

Yadda ake fara ba su abinci ba shi da wuya. A sami abincin gwangwani na 'yan kyanwa, a dama shi da ruwan ɗumi ko da irin madarar tasu ya yi ruwa-ruwa, a zuba a faranti marar zurfi. A lakato a yatsa a kai bakinsa ya lasa. Kar a danna masa fuska a ciki. Zai taka, zai ɓata jikinsa, a goge shi da tsumma mai ɗumi a busar da shi, don sanyi na kama su da wuri. Sau 4 a yini ya isa, kaɗan-kaɗan, abin da ya rage a zubar, domin a zafinmu jiƙaƙƙen abinci ba ya jimawa yake lalacewa. Kowane sati a rage ruwan. Idan busasshen abinci ne na leda, a jiƙa shi tukuna. Ruwan sha kuma ya zauna kusa kullum. Mai ƙaramin sikeli ya riƙa auna su: lafiyayye yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana, kuma a sati na 8 yana dab da kilo 1.

Na san ba kowa ke da kuɗin gwangwani ba, kuma kyanwoyin gidajenmu sun rayu shekara da shekaru ba tare da shi ba. Amma a tuna da me suka rayu: ɓera, ƙadangare, fara, tsuntsu. Tuwon da ake jefa musu ƙari ne kawai. Kyanwa maciyar nama ce zalla, ba kamar kare ba da ke iya lallaɓawa da hatsi. Akwai wani sinadari, taurin, wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshe sai ta samu a nama. Rashinsa na makantar da ita a hankali. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka gano cewa shi ne kuma sanadin wani ciwon zuciya da ke kashe kyanwoyi, abin da ya sa kamfanonin abincin dabbobi suka ƙara yawansa a kayansu. Ɗan kyanwar da aka kulle a ɗaki, ba farauta, ana ba shi shinkafa da miya ko burodi da shayi, yunwa yake ji da cikakken ciki. Ga albasa da tafarnuwa da ke cikin miyar, dukansu suna fasa masa ƙwayoyin jini.

Wanda zai haɗa da kansa ya dafa kaza ko kifi ba gishiri ba magi ba yaji, ya tsince ƙashi da ƙaya tas, ya murmushe, ya haɗa da dafaffen ƙwai. Sai dai tsoka zalla ma ba ta wadatarwa, don ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi, kuma ɗan da ya girma a kanta kaɗai ƙasusuwansa kan yi laushi har ya riƙa ɗingishi. Hanta kuma kaɗan ake ba su, yawanta cuta ne. Shi ya sa a watannin farko ya fi kyau a matse a sayi abincin da aka haɗa don su, ko a nemi likitan dabbobi ya faɗi abin da za a ƙara. Shi ne kuma zai ba da maganin tsutsar ciki da rigakafin farko, wanda akan yi tsakanin sati na 6 da na 8. Kar wanda ya kuskura ya ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Ko bayan ya iya cin abinci, zamansa da uwa bai ƙare ba. A wurinta da 'yan'uwansa yake koyon tone ƙasa ya rufe kashinsa, da sanin iyakar cizo da yakushi a wasa. Wani bincike na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland da aka buga a 2017, kan kyanwoyi sama da 5,000, ya nuna cewa waɗanda aka raba da uwa kafin sati 8 sun fi zama mafaɗata. A Ingila doka ta hana masu sana'ar sayar da dabbobi sayar da ɗan kyanwar da bai kai sati 8 ba, kuma masu kiwo da yawa sai sati 12 suke saki. Mai talla kuwa so yake ya sayar tun yana ɗan mitsitsi, lokacin da ya fi kyau a hoto kuma bai fara cin kuɗin abinci ba. Idan ya ce maka yayayye ne, ka ce ya nuna maka uwar, ya faɗi ranar haihuwa, sannan ya zuba abinci a gabanka ka ga ko zai tauna.