Kifin Shak: Mazauninsa da Aikinsa a Teku

Shak kifi ne da babu ƙashi a jikinsa sai guringuntsi. Nau'o'insa sun haura 500, kuma kakanninsa suna teku tun fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce. Mafi ƙanƙanta bai wuce santimita 20 ba. Babbansu kuwa, wanda ya fi kowane kifi girma, yakan wuce mita 12, amma duk girman nan ƙananan halittu masu shawagi a ruwa yake tacewa ya ci.

Mazauni

Shak ya fi yawa a ruwan gaɓa mara zurfi da kewayen duwatsun murjani, inda abinci ke wadace. Wasu nau'o'in matafiya ne: a 2003 an liƙa wa wata farar shak na'ura a Afirka ta Kudu, ta je Ostireliya ta dawo, tafiyar kusan kilomita 20,000 cikin wata tara. A ruwan sanyi na Arewacin Atlantika akwai shak na Girinlan, mai tafiyar hawainiya, wanda binciken 2016 ya nuna yana iya kai shekara 272 ko fiye. Idan zurfi ya wuce mita 3,000, da wuya a ga shak.

Kaɗan ne ke jure ruwan daɗi. Fitaccensu shi ne wanda ake kira shak na Zambezi a Afirka. Yana hawa koguna, yana zaune a Tafkin Nikaragwa, har an taɓa kama shi a Kogin Misisipi a jihar Ilinoi ta Amurka a 1937.

Aikinsa a cikin ruwa

Manyan shak sukan farauci kifaye da kunkuru da dabbobin teku, su kuma cinye mushe. Sai dai tsoron da suke jefawa yakan yi aikin da bai gaza na haƙoransu ba. An ga haka a Mashigin Shak da ke Yammacin Ostireliya, wurin da ciyawar teku ta shimfiɗu. Dugon, ɗan'uwan ayu, yakan cusa baki cikin yashi ya tumɓuke ciyawar da saiwarta. Idan ruwa ya yi ɗumi, shak mai zanen damisa ya shigo, sai dugon ya ƙaurace wa wuraren hatsari, ya koma tsinkar ganye yana waige-waige. Da haka ciyawar ke samun sararin farfaɗowa, ita ce kuwa mafakar ƙananan kifaye da jatan lande, tana kuma adana sinadarin kabon a ƙarƙashin yashi.

Kuskure ne a ɗauka kowane shak sarki ne a ruwa. Akasarinsu ƙanana ne, abincin wasu. Ko farin shak ma, wanda ke cikin manyan mafarautan teku, a 2017 an tsinci gawarwakinsa a gaɓar Afirka ta Kudu bayan dabbar teku da ake kira oka ta farke su ta cinye hantarsu.

Raguwarsa

Wani ƙiyasi na 2013 ya ce ana kashe shak kusan miliyan 100 a shekara, don nama da man hanta da fikafikan da ake miya da su a Asiya, har da waɗanda tarun masunta ke kwasowa ba da niyya ba. Binciken 2021 ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun 1970. Giɓin ba ya cikewa da wuri, don shak yana daɗewa bai balaga ba, 'ya'yan da yake haifa kuma kaɗan ne. A 2009 ƙasar Palau ta zama ta farko da ta mai da ruwanta mafakar shak, ta hana kama shi don kasuwanci.