Man Fetur Daga Gansakuka: Shin Lissafin Zai Fita a Maraɗi?

Duk wanda ya wuce ta bakin tabki bayan damina ya san koren nan da ke rufe fuskar ruwa, wato gansakuka. Yawancinsa ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta guda, waɗanda ido ba ya ganin ɗaya daga cikinsu sai da madubin likita, kuma suna rayuwa da hasken rana da iskar kabon kamar sauran tsirrai. Wasu nau'o'insu na tara mai a jikinsu, shi ya sa ake yawan tambaya ko ƙasa mai rana irin tamu za ta iya noma su domin samar da makamashi.

Me ya sa aka ɗora wa gansakuka wannan buri?

Saurin yaɗuwarta ne da yawan man da take tarawa. Idan ta samu haske da abinci, wasu nau'o'in kan ninka kansu cikin yini guda, kuma mai kan kai kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na busasshen nauyinsu. Ba ta bukatar ƙasar noma, tana iya girma a ruwan gishiri ko ruwan ƙazanta, saboda haka ba za ta ƙwace gonar gero ko ta gujiya ba. A tafkin gwaji mai kyau akan samu kamar giram 15 a kowace murabba'in mita a yini, wato kusan tan 50 a hekta a shekara. Idan rubu'insa mai ne, an haura tan 12 ke nan, alhali kwakwar manja, wadda ta fi duk amfanin gona bayar da mai, tan 4 ko kusa da haka take bayarwa.

To, me ya hana a ga wannan mai a gidajen sayar da mai?

Tsada ce ta hana, kuma an daɗe ana gwadawa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta gudanar da bincike daga 1978 zuwa 1996, ta tattara nau'o'i kusan 3,000, ta gina tafkunan gwaji a Roswell da ke jihar New Mexico, daga baya ta rufe shirin domin man fetur ya fi araha nesa ba kusa ba. Da farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a 2008, sai masu jari suka sake dawowa. Kamfanin ExxonMobil ya shiga a 2009, ya kashe fiye da dala miliyan 350, sannan labarin janyewarsa ya fito a farkon 2023. Kamfanin Solazyme, wanda ya taɓa sayar wa sojojin ruwan Amurka man gansakuka, ya juya ga kayan abinci, ya sauya suna zuwa TerraVia, ya kuma durƙushe a 2017. Babu wanda ya kasa fitar da man. Abin da ya gagara shi ne fitar da shi a farashin da direban babbar mota zai iya saye.

A ina kuɗin ke tafiya?

Mafi yawansa wajen raba gansakukar da ruwa yake tafiya, kuma a nan ne ya kamata mai son zuba jari ya tsaya ya yi dogon nazari. Hanya mafi arha ta noma ita ce buɗaɗɗen tafki mai siffar zobe, zurfinsa santimita 20 zuwa 30, da wata farfela da ke juya ruwan dare da rana domin kowace ƙwaya ta samu rabonta na haske. Ba a iya zurfafa shi ko a bar shi ya yi kauri, domin na sama za su yi wa na ƙasa inuwa. Sakamakon haka, ruwan da ido ke gani kore shar, abin da ke cikin lita guda bai wuce rabin giram ba. Kafin a samu kilo ɗaya na busasshiyar gansakuka sai an tace lita 2,000, kafin kuma a samu lita ɗaya ta mai sai an bi ta kan lita 7,000 ko fiye.

Ƙwayoyin kuwa sun yi ƙanƙantar da za su bi ta cikin ƙyalle su wuce, nauyinsu kuma kusan ɗaya yake da na ruwa, don haka ba sa kwantawa da wuri. Akan fara da zuba abin da zai dunƙule su, irin alif ɗin da ake tace ruwan sha da shi, sannan a kai su injin da ke wujijjiga su da gudu har su zama kamar ƙullu. Wannan inji yana shan lantarki sosai. Ko a wannan matakin, kashi 80 cikin 100 na ƙullun ruwa ne, wato kowane kilo na gansakuka yana riƙe da kilo 4 na ruwa, kuma ƙafar da wannan ruwa da wuta kan cinye kusan rabin makamashin da ke cikin gansakukar kanta. Bayan nan ne za a fasa ɓawon ƙwayoyin, a tatso man, a sarrafa shi ya zama gazuwal. Akwai hanyar noma ta cikin bututun gilashi ko na roba, wadda ke ba da ruwa mai kauri da tsabta, amma kuɗin gina ta ya ninka na tafki sau da yawa, kuma a zafinmu sai an riƙa sanyaya ta.

Ai rana kyauta ce, iska ma kyauta ce. Me kuma za a saya?

Rana kyauta ce, amma iskar kabon ba kyauta ba ce. Kowane kilo na gansakuka yana bukatar kusan kilo 1.8 na iskar, abin da ke cikin sararin sama kuwa kashi 0.04 ne kawai cikin 100, bai isa ya ciyar da tafki mai saurin girma ba. Dole a hura masa daga hayaƙin wata masana'anta, kuma irin waɗannan wurare, kamar matatar mai ta SORAZ da ke jihar Damagaram ko masana'antar siminti ta Malbaza, ba su kusa da Maraɗi.

Sai taki. Idan aka ƙaddara kashi 6 cikin 100 na jikinta sinadarin naitirojin ne, tan 50 na bukatar tan 3 nasa, wato buhun ure 130 a hekta guda, ban da fosfat. Manomin da ke fafutukar samun buhu biyu domin gonarsa zai fahimci girman wannan adadi. Akwai kuma wani cikas: gansakuka ta fi tara mai idan aka hana ta naitirojin, amma a lokacin girmanta ke ja baya, saboda haka ba a samun yawan amfani da yawan mai a lokaci guda.

Yanayin Maraɗi zai taimaka ko zai hana?

Haske muna da shi har ya yi yawa, fili ma akwai. Ruwa ne abin damuwa. Damina kan ba mu milimita 500 ko kusa da haka, rana da iska kuwa suna ɗauke fiye da mita 2 daga buɗaɗɗen ruwa a shekara, wato tan 20,000 a kowace hekta, wanda dole a mayar da famfo. Gulbin Maraɗi ba ya gudu sai da damina, ruwan ƙarƙashin kwarinsa kuma shi ne masu lambu na Jiratawa da kewaye ke rayuwa a kansa, tabkin Madarunfa kuwa na masunta ne da makiyaya. A ganina bai dace a ɗebi wannan ruwa domin man da matatarmu ke samarwa da araha ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, alhali yawancin nau'o'in masu mai sun fi son 20 zuwa 30, hunturu kuma yana zuwa da ƙura da sanyin dare. Farfela da famfo suna son lantarki marar yankewa, kuma mun ga abin da ya faru a Agustan 2023 lokacin da aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya. Faranti masu hasken rana za su rufe wannan giɓi, sai dai su ma kuɗi ne a kan jari. Duk wannan kuwa domin hajar da litarta ba ta kai jikka guda ba a gidan mai.

Ke nan babu wata riba a harkar?

Akwai, amma ba a man take ba. Matan da ke matse gujiya sun san cewa da mai kaɗai lissafi ba ya fita, sai an haɗa da kuɗin ƙuli-ƙuli, kuma a gansakuka abin da ya saura bayan mai ya fi man daraja. Misali mafi kusa da mu shi ne wani nau'in gansakuka mai suna sifirulina, wadda matan Kanembu ke kwasa a tabkunan kanwa na yankin tafkin Chadi tun kaka da kakanni, su zuba ta a ramin yashi ta bushe, su sayar da ita da sunan dihe ana miya da ita. Tana son zafi har digiri 35, tana girma a ruwan kanwa inda sauran halittu ba sa iya gogayya da ita, kuma da yake zare-zare take, ƙyalle mai laushi ya isa a tace ta ba tare da inji ba. Man da ke cikinta kaɗan ne, amma kusan kashi 60 cikin 100 nata furotin ne, kuma kilonta ya ninka litar gazuwal kuɗi sau da yawa. A jihar da tamowa ke addabar yara, kuma masu kiwon kaji da kifi ke kuka da tsadar abinci, wannan ya fi cancanta a zuba masa jari.

Idan makamashin ne dai ake so, ta ina za a fara?

Ta ruwan ƙazantar gari. Yana ɗauke da naitirojin da fosfat kyauta, gansakuka tana tsabtace shi yayin da take cinye su, don haka aikin tsabtacewar shi zai ɗauki nauyin tafkin. Abin da aka kwasa ba sai an busar ba, a jiƙensa za a haɗa shi da kashin shanu ko sharar mahauta a rufaffen rami ya ruɓe, ya ba da iskar gas ta girki, ragowar kuma ta koma gona taki. Bincike ya nuna garin ƙwayar zogale yana dunƙule gansakuka kamar yadda alif ke yi, zogale kuwa ana noma shi sosai a kwarin Gulbi. Gwaji na ƴan murabba'in mita ɗari, irin wanda jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna za su iya ɗauka, zai auna abin da tafki ke bayarwa da zafi da ɗari da damina, da ruwan da yake sha, da lantarkin da yake ci, kafin wani ɗan kasuwa ya sa kuɗinsa.