Bashin da ke bin jirgin ruwa duk inda ya nufa

A dokar teku akwai wani irin bashi da ke maƙale wa jirgin ruwa kansa. Ko an sayar da jirgin, ko an sauya masa suna da tuta, mai bin bashi yana da damar shiga kotu a duk tashar da jirgin ya ya da zango, ya nemi a tsare shi. Dalili kuwa a fili yake. Sau da yawa mai jirgin kamfani ne da aka yi wa rajista a Panama ko Laberiya, kuma ba shi da wata kadara sai wannan jirgi ɗaya, wanda yau yana nan, gobe ya ɗaga.

Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan basussukan jiragen ruwa da aka ƙulla a Geneva a 1993, wadda ta fara aiki a 2004, ta ba basussuka iri 5 wannan gata: albashin ma'aikatan jirgi har da kuɗin mayar da su gida, diyyar rai ko rauni, ladan waɗanda suka ceto jirgin, kuɗin tasha da na mashigai, sai ɓarnar da jirgin ya yi wa dukiyar wasu, ban da kayan da ya ɗauko. Duk waɗannan suna gaban bankin da aka jinginar wa jirgin.

Matsayin masu ceto ya fi jan hankali. Suna shiga gaban duk bashin da ya riga su, har da albashi, kuma wanda ya yi ceto na ƙarshe shi ake fara biya. A ganina an yi adalci, domin da jirgin ya nutse, da kowa ya tashi a tutar babu.

Sai dai gatan na da wa'adi. Shekara 1 ce, in ba a tsare jirgin an kai ga sayar da shi ba, ya faɗi. Ƙasashe kuma sun bambanta: Amurka tana ba da irin wannan haƙƙi ga wanda ya sayar wa jirgi mai, Ingila ba ta bayarwa.

Mai sayen tsohon jirgi shi ya fi shiga haɗari, tunda ba a rubuta wannan bashi a wata rajista, zai iya biyan kuɗi ya kwaso rigimar wani. Idan kotu ce ta yi gwanjon jirgin, yakan fito ba bashi a kansa, masu bi su koma kan kuɗin da aka samu.